Birkin da ba ya shan mai

Garejina ƙarami ne, nan Kwannawa a Sakkwato, bakin hanyar da ta fita Gusau. Ni ne da yara huɗu. Aikinmu ƙasan mota ne: birki, boris, sifirin, duk abin da ya shafi ƙafa. Injin kuwa na bar wa masu shi.

Ranar da aka fara kawo mini karaban, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da wurin girki a ciki, na ɗauka aikin awa biyu ne. Na wani Alhaji ne mai noman rani can wajen Goronyo. Daga Amurka aka yo shi, ya shigo ta Kwatano. Direbansa ya sauko daga Hilux yana share gumi, ya ce, "Maigida, in na taka birki sai in ji abin ga shina tura ni. Saura kaɗan in hau wani mai Keke."

Muka ɗaga, muka cire taya, muka zare dirom. Ina laluben bututun mai, babu. Ba silinda, ba tiyon iska irin na tirela. Wayoyi biyu ne kawai suka shigo ta bayan faranti suka ƙare a jikin wani ɗan dunƙulen ƙarfe. Ƙaramin yarona ya leƙo ya ce, "Oga, wanga birki ta ina mai ka shiga?" Na daka masa tsawa, don ni ma ban sani ba.

Maimakon in tsaya in tambaya, sai na ɗora wa lainin laifi, wato takalmin birkin da ke matse dirom, tunda shi kaɗai na gane a wurin. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano, ba a samu irinsa ba. Na kai aka buga sabo a jikin tsohon ƙarfen. Kwana uku aka ɓata, aka ci kuɗin bawan Allah, muka mayar muka gwada, karaban na nan yana tura mota kamar ba a taɓa shi ba. Wani dattijo mai riwaya da ke maƙwabtaka da mu ne ya fitar da ni kunya. Ya zo da mitarsa, bai ko durƙusa wajen taya ba. Ya bi farar waya, wadda wuta ke komawa ta cikinta, tun daga soket har inda aka ɗaure ta a jikin firam, ya taɓa ta da sukundireba, ta faɗo a hannunsa, tsatsa ta cinye ta. Ya kankare wurin, ya ɗaure sabuwa, ya ce, "Ɗana, taka mu gani." Tayoyi huɗu suka kama.

Ga yadda abin yake. A cikin motar da ke ja akwai wani ɗan akwati ƙarƙashin sitiyari, kwantirola, Tekonsha ne muka fi gani. Direba na taka birki, akwatin zai tura wutar batir, mai kamar bolt 12, ta shuɗiyar waya, ta bi soket mai baki bakwai zuwa baya. Dunƙulen nan da na gani maganaɗisu ne. Wuta na shigarsa sai ya manne da fuskar dirom ta ciki. Dirom na juyawa, sai ya ja shi, shi kuma ya ja hannun ƙarfen da yake rataye a kai, hannun ya buɗe lainin biyu su matse dirom. Ashe ba wutar ce ke tsayar da karaban ba, gudun tayar ne da kansa. Shi ya sa in ka ɗaga taya ka ba ta wuta tana tsaye ba za ka ga komai ya motsa ba, sai ka juya ta tukuna ta cije. Makanikai da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa birki ya mutu.

Ba kowane karaban ne haka ba. Na Turai yawanci birkinsu na turi ne: mota ta rage gudu, wuyan karaban ya danno, ya ja sanda da kebur. Na wuta a Amurka da Ostireliya aka fi yin su.

Tun daga ranar nan na sayi mita, kuma ba a kwance ko noti ɗaya a garejina sai an auna. Maganaɗisun dirom mai inci 10 ko 12 yana cin kamar amfiya 3 in an ba shi cikakkiyar wuta. To aksil ɗaya amfiya 6 ke nan, aksil biyu 12. In na auna na ga 9, na san ƙafa ɗaya ta yi shiru. In na ga ya haura sosai, waya ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Sau da yawa a cikin bututun aksil take gogewa, inda aka cusa ta don ta tsallaka ɗaya gefen, ido ba ya gani, sai hanyar kwalta ta ƙare an shiga gargada sannan birki ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. In na ware maganaɗisu shi kaɗai, mita ta ba ni om 3 da 'yan kai, lafiyarsa lau. Don gano ƙafar da ta yi shiru ba sai na cire taya ba: yaro ya danna madannin hannu na kwantirola, ni kuma in kara kamfas kusa da dirom. In allura ta karkata, wuta na isowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu haɗa waya da suke cewa ai ƙwallon da aka rataya karaban a kai ƙarfe ne, wuta za ta koma ta nan. Ƙwallon da aka shafe da giris, ƙura ta hau kai, yana rawa a kowane rami? Farar waya dole ta koma har batir ta cikin soket, kuma ta zama mai kauri.

Sai saiti, wanda shi ne aikin da na fi so, don hannu da kunne ne ke yinsa. A sa waigi, a ɗaga ta firam, ba ta aksil ba, domin aksil ɗin bututu ne, jak na iya lotsa shi. A ƙasan faranti ta baya akwai wata 'yar tsaga da aka toshe da roba. Ka cire robar, ka haska tocila, za ka ga wata 'yar dabara mai haƙora, mu tauraruwa muke ce mata. Ka sa bakin sukundireba ka riƙa tura haƙoran ɗaya-ɗaya, ƙas, ƙas, ɗaya hannun yana juya taya, har ta yi nauyi ta ƙi juyuwa. Wannan matsewar ce ke zaunar da lainin daidai tsakiyar dirom, kada a tsallake ta. Daga nan ka dawo baya. Galibi haƙori takwas zuwa goma ne, amma ni ba na rantsuwa da lissafi. Ina sassautawa har taya ta juya da kanta ina jin ɗan shuu, shuu, lainin na shafar dirom kaɗan. Haka za a yi wa kowace ƙafa, sautin ya zo ɗaya, in ba haka ba karaban zai riƙa fizgar mota gefe. A mayar da robar. Yara na raina ta, amma ƙurar hunturun garin nan ta wannan tsagar take shiga.

Masu ƙera aksil sun ce a yi saitin farko bayan kilomita 320, wanda zuwa Gusau da dawowa ma ya wuce haka, sannan duk bayan kilomita 4,800. Ban taɓa ganin wanda ya kiyaye ba. Sai lainin ya yi nisa da dirom, direba ya ƙure kwantirola, ya zo yana cewa maganaɗisu ya mutu.

In dole ta sa an buɗe dirom, abubuwan dubawa ba su da yawa. Lainin da ya kai siririn milimita 1.6 ya gama aiki. Wanda giris ya jiƙa saboda sil ya fashe, ko don wani ya ɗura giris kamar yana cika tulu, ba ya wankuwa, jefarwa ake yi. Maganaɗisun da ya cinye har jan ƙarfen cikinsa ya leƙo a canza shi, tare da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Wayoyinsa biyu ba ruwansu da wace ce ta wuta. Amma farantin hagu da na dama ba ɗaya ba ne, gajeren lainin gaba yake kallo. Kuma ban yarda a hure dirom da iskar kwamfiresa ba, tsofaffin lainin wasu da asbestos aka yi su.

Gwaji da asuba nake yinsa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kowane ƙarfe a Sakkwato wuta ne, bayan hannunka ba zai gaya maka dirom ɗin da ya yi aiki da wanda ya yi barci ba. Bayan salla muke fita, hanya ba kowa. In lainin sabo ne, sai an ja birki sau 20 zuwa 30, daga gudun kilomita 65 a awa a sauko 30, ana ba shi sarari ya huce, kafin ya zauna. Sannan a gudun 40 in danna madannin hannu, in riƙa ƙara ƙarfi har taya ta fara ja a ƙasa, sai in rage kaɗan.

Karaban ɗin Alhaji ya dawo bara, batirinsa ya mutu murus. A wuyansa akwai wani ɗan fil da aka ɗaure da siririn kebur zuwa jikin mota, don in ya tsinke a hanya fil ya zare, batirin karaban ya kama birki gaba ɗaya. Direba ya mayar da shi birkin ajiyewa, kullum ya isa gona sai ya zare, maganaɗisu huɗu su yi ta shan wuta har batir ya ƙare. Na ce masa, "Malam, wa ya koya maka wannan?" Ya ce shi ya gano da kansa. Na sa yaro ya yanko masa waigi biyu na katako, na saka a kuɗin aiki.