Layina ya mutu a Wadi Halfa

Kwana uku da saukarmu Alƙahira daga Sudan na fita neman layin waya, tun ba mu sami ɗakin haya a unguwar Faisal ba. Mai shago ya jujjuya fasfona, ya ce sai da izinin zama. Daga baya maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Aswan, ya saya mini da sunansa. Har yau a wajen kamfanin ni tsoho ne mai shekara saba'in.

A ajin kwamfuta da nake zuwa da yamma malamarmu ta kawo labarin Haiti. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010, masu bincike daga Suwidin suka karɓi bayanan layuka wajen miliyan 1.9 daga kamfanin waya na Digicel, an cire sunaye. Duk kiran da mutum ya yi akwai eriyar da ta ɗauka, to da bin eriyoyin suka ƙiyasta cewa mutum 630,000 sun fice daga Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, cikin kwana 19. Abin da ya sa na ajiye biro shi ne inda suka nufa: garuruwan da suka yi Kirsimeti da sabuwar shekara.

Wallahi mu ma haka. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, ba wanda ya tsaya shawara. Wad Madani muka yi, gidan Kawu, inda muke Sallah duk shekara. Da Disamba wuta ta cim mana a can, sai arewa.

Amma na ɗaga hannu. Na ce, Malama, mu bakwai ne a kan waya ɗaya: ni, Inna, maiɗakina da yara huɗu. Ta ce ai ninkawa ake yi da ƙiyasi. Na ce to wanda aka ƙwace wa waya a shingen hanya fa? Kuma idan taswirar inda mutane suka gudu ta faɗa hannun masu bindiga? Ta ce wannan yana hana masu aikin barci su ma.

Tsohon layina ya daina kamawa jim kaɗan da barinmu Wadi Halfa, garin kan iyakar Sudan da Masar. Inna ta ƙulle shi a haɓar zaninta.

"Inna, ai ya mutu," na ce mata.

"Bar shi, ɗan nan. Da wannan lambar dangi suka san mu."