Daga Las Palmas zuwa Mindelo da na'urar iska mai ƙarya

Tsakanin Las Palmas a tsibiran Kanari da Mindelo a tsibiran Kef Bade akwai tafiyar sama da mil 800 na teku, kuma kusan duk hanyar iskar arewa maso gabas ce ke tura jirgi ta baya. Jirginmu ƙarami ne, mai tafiya da filafilai. A irin wannan jirgi, sanin ƙarfin iska da inda ta fito shi ne rabin tuƙi. A ƙololuwar dogon jigon da ke riƙe filafilai akwai 'yan kofuna uku masu juyawa, su ke auna gudun iska, da kibiya mai nuna inda take busowa. Waya ce ke sauko da saƙonsu ta cikin jigon har allon da ke gaban sitiyari.

Mun yi nisa, ƙasa ta ɓace, sai cikin dare lambobin suka fara tsalle. Not 18, sai 4, sai 31, alhali iskar da ke dukan ƙeyata ba ta canza ba. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, to ka ga tazarar ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana bin kibiyar nan ne. In kibiya ta yi mata ƙarya za ta karkata jirgin, iska ta shiga ta bayan babban filafili, sandar ƙasansa ta wulwulo daga gefe zuwa gefe da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum. Kyaftin ya mayar da ita bin kamfas nan take, ya ɗaura zaren ulu a wayoyin ƙarfen da ke tallafe jigon don su nuna inda iska ke busowa, muka kwana muna haska su da tocila.

Da gari ya waye wani abokin tafiya ya ɗauko kujerar hawa jigo. Kyaftin ya hana, kuma na ga gaskiyarsa. Ɗan tangaɗin da kake ji a ƙasa, can sama jifa ne. Sai ya ɗaga madubin hangen nesa: kofuna na juyawa, kibiya na nan, tsuntsu bai karya ta ba. Ya ce mu fara daga inda hannu ke kaiwa.

Batir lafiya, yana ba da bolt 12 da 'yan kai. Fiyus lafiya. Muka cire murfin silin a gindin jigo, inda wayar sama ke haɗuwa da ta allo cikin wani ɗan akwati. Ina buɗe shi ruwa ya ɗigo mini a hannu. Sukurorin sun yi kore shar, ɗaya daga siraran wayoyin kuwa ina taɓa ta ta gutsure, jan ƙarfen cikinta ya koma baƙi kamar gawayi. Ruwan gishiri ne ke bin wayar yana gangarowa sannu a hankali. Muka yanke har inda ƙarfen ke ƙyalli, muka goge, muka ɗaure, muka shafe da basilin. Lambobi suka nutsu.

Sai dai ba a gama ba. Allon na nuna iska iri biyu, wadda ake ji a kan jirgi yana tafiya da ta ainihi, kuma duka biyun sun zama lamba ɗaya, abin da ba zai yiwu ba ga jirgin da ke gudu. Na'urar tana lissafa ta ainihin ne da gudun jirgi, gudun kuma wata 'yar farfela ce a ƙarƙashin jirgin ke auna shi. Kyaftin ya durƙusa ya zare ta daga ciki, ruwan teku ya yi tsartuwa ta ramin, na danna marfi da sauri. Ƙananan halittun ruwa ne suka manne mata har ta daina juyawa. Tsohon burushi ya ishe ta.

A sa'o'in da babu allo ne na koyi karanta teku da ma'aunin Beaufort, wanda ya samo asali tun 1805. Farin kumfa a kai a kai a kan igiyar ruwa mataki na 4 ne, not 11 zuwa 16. In ya yawaita ko'ina, na 5 ke nan. In wayoyin jigo suka fara fito, an shiga na 6, a rage filafili ba jiran lamba.

Sai da muka ɗaure jirgi a tashar Mindelo, ruwa kwance, aka hau jigon. Kofunan na ɗan cijewa saboda gishiri da jar ƙurar Sahara da iska ke kaiwa har tsibiran. Aka wanke su da ruwan daɗi, aka toshe ramin da wayar ke shiga jigo.