Gyaran Tektronix 465 da ta iso mini a fashe

Wata uku na yi ina jiran wannan osiloskof, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a allo domin mai gyara ya gan ta da idonsa. Samfurin 465 ce, wadda kamfanin Tektronix na jihar Oregon a Amurka ya fito da ita a 1972, mai tashoshi biyu, wato wuraren shigar sigina, tana kuma iya bin sigina har megahaz 100, wato mai maimaituwa sau miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya. Ranar da kwalin ya iso, tun kafin in buɗe na ji wani abu yana kaɗawa a ciki, gabana ya faɗi. Mai sayarwar ya kifa ta a kan fuskarta, ya cusa tsofaffin jaridu kawai a gefe, nauyinta duka ya sauka a kan maɓallan gaba.

Maɓallin saita lokaci ya tsage biyu, sandar ƙarfen da ke bayansa ta lanƙwashe, ƙafa ɗaya ta baya kuma ta karye. Waɗannan ba su tayar mini da hankali sosai ba. Fargabata tana kan kwalbar allon, wato doguwar kwalbar gilashi marar iska a ciki wadda fuskarta ce allon, domin an daɗe da daina ƙera irinta, kuma idan wuyanta ya tsage iska ta shiga, to magana ta ƙare. Na cire murfin, na haska tocila, na bi gilashin a hankali tun daga fuska har wuya, ban ga tsaga ba.

Duk da haka ban kunna ta ba sai bayan kwana biyu. Na fara mayar da makunnin wutar da ke bayanta daga volt 115 zuwa 230, tun da wutar Amurka aka saita mata, na kuma sauya fiyus. Na auna kafasitocin, wato ƙananan sassan da ke adana cajin wuta, da mita, na sami ɗaya da aka yi da ƙarfen tantalam ta haɗe a ciki, wuta na wucewa kai tsaye, matsalar da ta zama ruwan dare a na'urorin wancan zamani, na ɗora sabuwa da dalma. Sandar kuwa na miƙe ta kaɗan-kaɗan a tsakanin katako biyu, don kada ƙarfin hannuna ya kai ga makunnin da ke ciki.

Da na kunna, fanka ta tashi, bayan ɗan lokaci koren layi ya bayyana siriri. Na jona wayar gwaji a siginar da na'urar ke fitarwa da kanta, zanen ya tsaya cak, kusurwoyinsa a tsaye. Maɓallin na liƙe shi da gam, kuma har yanzu ina cigiyar na asali.