Sabon madabod, tsohon lasisi

Duk mai shagon buga takardu a Sakkwato ya san abin da watan Afrilu ke yi wa kwamfuta. Zafi ya haura digiri 40, fankar ciki ta toshe da ƙurar hunturu, wuta kuma a kawo a ɗauke. Tawa ta tebur ce, ba sabuwa na saye ta ba, da ita nake buga wa ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo furojet. Na jima ina lallaɓa ta. Na ƙara mata ram, wato ma'ajiyar aikin da take yi a lokacin, daga giga 4 zuwa 8, daga baya na cire tsohon faifan ajiya mai juyawa na sa SSD. Wannan ya fi komai amfani. A da sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba, yanzu kafin in gyara zama ta shirya. Duk wannan canjin Windows ba ta ce uffan ba.

Da madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ya ƙone ne magana ta tashi. Mai gyara ya samo wani ya ɗora, ya sake loda Windows 10, komai ya tashi lafiya, sai ga wani rubutu dishi-dishi a kusurwar dama ta ƙasan allo yana cewa a kunna lasisi. Ko hoton bango ba ka iya canzawa ta cikin saiti. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce, "Wanga ba komi ba na, Malam. Akwai ɗan abin da ni ka saka mata, yanzu shi ɓace."

Na san ɗan abin. Manhajar fasa lasisi ce, wadda kafin ta shiga sai an kashe mai gadin bairos. Ni da ɗalibai ke kawo min filashi iri-iri daga safe har dare? Na ce masa a'a, lasisina na saye ne, kuma yana nan.

Tun fitowar Windows 10 a Yulin 2015, Microsoft ta koma ajiye lasisi a rumbunta, haɗe da shaidar na'urarka, kuma madabod ne ginshiƙin shaidar. Kamar mota ce: canza taya, canza batir, takardunka suna nan, amma ka canza shasi, a wurin hukuma wata motar ce daban. Shi ya sa ram da SSD suka wuce salin-alin. A 2016 aka ƙara damar ɗaure lasisin da asusun Microsoft, kuma wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ya yi min hakan tun tuni, lokacin ina ganin ƙaƙale ne kawai. Idan an ɗaure, sai ka shiga da asusun, ka buɗe shafin lasisi a saiti, ka taɓa mai warware matsala, ka zaɓi layin da ke cewa ka canza kayan na'urar kwanan nan, ka nuna kwamfutarka a jerin da zai fito.

Na yi duk wannan, ta ƙi. Na kunna datar wayata na sake, ta ƙi. Ashe Windows ɗin iri-iri ce, akwai Home akwai Pro, masu gyaranmu da yawa kuma Pro suke loda wa kowa, don ita ce a filashinsu, kuma mutane na ganin ta fi girma. Lasisina na Home ne, shi kuwa lasisin Home ba ya kunna Pro ko za a kwana ana dannawa. Sai da aka sake loda Home, na shiga asusuna, rubutun ya ɓace.

Wanda lasisinsa ya zo tare da na'urar daga kamfani, lamarinsa daban ne. Tun zamanin Windows 8 ake binne makullin lasisi mai haruffa 25 a cikin madabod ɗin kansa, ba a kan sitikar da ake mannawa a jiki ba, kuma a ƙa'ida na'urar yake bi. Galibin kwamfutocin ofis da ake shigo mana da su daga Turai irin wannan ne. Tsohon makullin Windows 7 ma da ake ta ajiya, an rufe ƙofar kunna Windows 10 da shi a 2023.

Abin da ya rage min shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin na'ura, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in na Intel ne, daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda ke kan sabon madabod ɗina zubi na 6 ne. Na gaya wa mai gyaran ya sa min ido a kan na 8, in ɗalibai sun gama kare furojet kuɗi sun shigo.