Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin buɗe hanyar ruwa

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin gayya na garinmu, muna godiya ga Allah da Ya sa ruwan daren Laraba bai ci rai ba. Dagaci, ranka ya daɗe, mun gode da shelar da ka sa aka yi tun kafin asuba. Masu unguwanni da limamai, matasan da suka wuni cikin taɓo, iyayenmu mata da suka aiko da kunu, manoman rani da suka ba da aron injinan ban-ruwa da tiyo har da man fetur ɗinsu, da maƙwabtan da suka sauki waɗanda ɗakunansu suka faɗi, Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Wasu suna ta cewa an saki ruwan madatsar Tiga ne, shi ya sa gari ya cika da ruwa. A'a. Ruwan Tiga da na Challawa ta kogin Haɗeja yake biyowa, a hankali yake tasowa, ba ya cika gari cikin awa biyu. Wannan karon kogi bai taɓa jinga ba. Ruwan samanmu ne ya rasa hanyar fita. Ku lissafa: rufin kwano mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, in aka yi ruwa milimita 50, lita 5,000 yake zubarwa, wato duro 25. Gida ɗaya ke nan. A da kududdufin bayan kasuwa ke shanye wannan ruwa, yanzu an cike rabinsa da shara an yanka filaye. Kwalbatin bakin titi kuwa yashi da ledar fiya-wata sun toshe shi har kusan baki.

Mun yaba wa matasa da suka ji shawarar magina suka fara yasa daga mafitar ruwa suna hawowa. Wanda ya fara daga sama, ruwan kawai ya tura wa na ƙasa da shi. Masu baro ma aikinsu ba ƙarami ba ne, don yashin da aka tara a bakin lambatu ruwa ɗaya ke mayar da shi ciki. Buhunan da suka tsare ƙofofi su ne waɗanda aka zuba wa yashi rabi ko ɗan fiye, aka naɗe baki, aka jera kamar tubali kowane yana hawa kan haɗin biyu na ƙasa, aka tattake. Waɗanda aka cika tam ba su kwanta ba, ruwa ya bi ta tsakaninsu.

Saura aiki. Katangar ƙasa da ta sha ruwa daga gindi sau da yawa sai bayan ruwa ya janye take faɗuwa, don haka kada a kwantar da yara a jikinta. A tokare ta, a yi mata daɓe mai gangara, a kuma ƙara wa indararo tsawo ya daina zuba a gindin gini. Rijiyar da ruwa ya shiga, musamman wadda ke kusa da masai, a kwashe ta, ma'aikatan lafiya su sa mata kulorin, kafin nan a riƙa tafasa ruwan sha. Amai da gudawa ba ya jira.

Kwalbatin kansa ya yi kaɗan. Bututun mai faɗin santimita 60 ne, na 90 kuwa filin bakinsa ya ninka na wannan fiye da sau biyu. Takardar roƙo ga ƙaramar hukuma a kan kwalbatin tana wurin Dagaci, masu sa hannu su je. Mai gyara kwatar ƙofar gidansa ya ba ta gangaren santimita ɗaya a kowace mita, ya auna da igiya, ba da ido ba.

Gayya ta gaba ranar Asabar ce bayan sallar asuba, a bakin kududdufi. A zo da shebur da diga, mai baro ya taho da shi.