Legas zuwa Akara kai kaɗai: kada taswira ta ruɗe ka

A taswira, tsakanin Legas da Akara bai kai kilomita 500 ba, sai mutum ya ɗauka zai ƙetare ƙasa huɗu kamar wasa. Amma boda uku ce a gabanka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana. A kowace sai an buga maka hatimin fita, ka taka zuwa ɗaya ɓangaren a buga na shiga. Motar haya kuwa ba ta tashi sai fasinjan ƙarshe ya gama, ko da kai ka daɗe a zaune kana fifita da tikitinka.

Don haka ranar ƙetare boda, kada ka ƙirga ta cikin ranakun yawo. Ka bar masauki bayan asuba domin ka isa boda kafin azahar. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai tsare masa jaka, balle da dare.

In kwana 10 gare ka, ka tsaya a Gana. Ƙara Abijan na nufin yini guda cur ta Elubo, bodar Gana da Côte d'Ivoire, ga dawowa. Gara ka ba Kumasi wannan lokacin, inda Hausar Zango za ta sauƙaƙa maka komai. Kowane gari ka kwana biyu aƙalla, na farko gajiya ke cinye shi.

Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza har kwana 90, amma katin rigakafin shawara dole ne. Sefa ɗaya ce a Benin da Togo. A Aflao ka canza sidi, kuɗin Gana, daidai kuɗin mota, sauran sai ka shiga Akara.