Alhamis: robar wuyan Kawu ta toshe

Da asuba Inna ta kira ni, ta ce Kawu ya kwana da zazzaɓi da rawar ɗari. A wannan bazara ta Sakkwato, da ko tsakar dare katifa ke ƙona baya, mutum ya nemi a lulluɓa masa bargo, ai ba sai an faɗa maka ba lafiya ba. Ga shi yau ranar wankin ƙodarsa ce. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini ajin safe, na tari Keke Napep daga Mabera na ɗauko su.

Kafin a haɗa shi da na'ura, nas ta kwance bandejin wuyansa, ta sa sirinji a bakin robar, wato bututun da aka sa a jijiyar wuyansa don wankin ƙoda, don zuƙo maganin da ake bari ciki tsakanin wanki da wanki. Ta ja, abu ya cije. Ta sake ja a hankali, sai ga gudan jini baƙi, siriri, dogo, ya faɗo cikin sirinjin yana lilo. Fatar da ke kewaye da robar ta kumbura tana sheƙi, da ɗan mugunya a gefe. Likita ya duba ya ce a ɗebi jini a kai gwaji, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, a cire wannan robar a sa sabuwa. Inna ba ta ce uffan ba, amma na ga tana lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi.

Muna zaune a benci Kawu ya ce, "Ɗiyata, ke da kinka karanci sinadarai, mi yas sa roba tsabtatacciya ka kawo ma mutum ciwo?"

Na ce, "Kawu, jini ne bai yarda da ita ba."

Kuma gaskiyar ke nan. Da zarar roba ta taɓa jini, cikin daƙiƙoƙi furotin ɗin jini, musamman fibirinojin mai sa jini ya daskare, ke manne mata. A kansa ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni suke sauka, su kira 'yan uwansu, guda ya fara. A kan wannan shimfiɗar dai bakteriyar fata, irin su Staphylococcus aureus, ke samun wurin kamawa. Sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin santsin da ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ta ba, magani ya yi ta wucewa ta kai bai kai gare su ba. Shi ya sa likita bai tsaya ga allura kaɗai ba. Toshewa da zazzaɓin nan tushensu ɗaya, wato fuskar robar.

Tun da na dawo gida zancen bai bar raina ba, don abin da nake koyarwa ke nan: polima, dogayen sarƙoƙin sinadari, da yadda cajin lantarki da ke jikinsu ke sauya halinsu. Masana sun daɗe suna ƙoƙarin shafa wa kayan asibiti siririn rufi mai caji.

Wanda ya fi daɗewa shi ne hefarin, maganin nan da nas ta zuƙo. An gano shi a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, kuma cike yake da caji mai alamar debewa. Aikinsa ya kama wani furotin na jikinmu mai hana daskarewa, ya ninka saurinsa kusan sau 1,000. A 1963 wani likitan tiyata, Vincent Gott, ya nuna ana iya manna shi a jikin kayan da ke taɓa jini. Sai dai ba ya kashe bakteriya, kuma akwai marasa lafiyar da jikinsu ke yi masa mummunan bore. Ga wani abu kuma da ke damun mutanenmu: yawancinsa daga hanjin alade ake tace shi, kodayake akwai na shanu. Malamai suna da maganarsu kan larura, amma na san Kawu zai fi samun natsuwa da abin da aka haɗa a ɗakin gwaji tun daga tushe.

Polima mai caji na alamar tarawa kuwa makashi ne. Fatar bakteriya cajin debewa gare ta, don haka sai ya jawo ta, ya huda ta, ta mutu. Da jin haka mutum zai ce an gama. To amma ƙwayoyin jininmu ma cajin debewa ke jikinsu, su ma yana jawo su. Gawar bakteriyar kuma tana taruwa ta rufe shi, masu zuwa daga baya su zauna a kai lafiya lau.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne wanda bai kashe komai. Kowane reshe nasa yana ɗauke da caji biyu, tarawa da debewa dab da juna, jimilla sifili. Waɗannan cajin suna riƙe ruwa gam, har ya zama furotin in ya zo bai tarar da roba ba, ruwa ya tarar, sai ya wuce. Inda furotin bai zauna ba, guda da bakteriya duk sun rasa madafa. Kuma ba ɗan Adam ya ƙago dabarar ba, a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu Allah Ya sa ta: fuskarsu ta waje cike take da wani sinadari, fosforilkolin, mai wannan caji biyun. Dennis Chapman ya yi aiki a kai a Landan cikin shekarun 1980, Kazuhiko Ishihara da abokan aikinsa a Japan kuma suka kyautata hanyar haɗa irinsa na ɗakin gwaji, wanda ake kira MPC, a 1990. Yau ana shafa irinsa a tabarau na mannawa a ido, da ragar da ake buɗe jijiyar zuciya da ita, da bututun na'urar tiyatar zuciya. Wahalarsa ita ce abin da ke son ruwa haka yana iya bin ruwa ya wanke, sai an ɗaure shi da robar ɗaurin sinadari sosai kafin ya jure makonni cikin gudun jini.

Ina tuna wa kaina cewa ko an kawo mana irin wannan roba gobe, ƙwayar cuta ta hanyar fata da bakin roba take shiga. Na lura yadda nas ɗin yau ta wanke hannu, ta sauya safar hannu, ta goge bakin robar kafin ta taɓa. Allah Ya saka mata. Likita ya kuma ce in zazzaɓi ya sauka a yi maganar haɗa jijiya a hannu, wadda in ta nuna bayan wasu makonni ba a bukatar robar wuya kuma. Inna ta amince.

Bayan isha'i ɗalibata ta turo saƙo tana neman batun bincikenta na shekarar ƙarshe. Na ba ta kitosan. Polima ne mai cajin tarawa da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, amma asalin sinadarin yana nan a ɓawon fara ma, mu kuwa ba mu rasa fara ba. Na gargaɗe ta kada ta rubuta cewa zai yi wa robar jini amfani, don daskarar da jini yake yi, shi ya sa ake sa shi a bandejin tsayar da jini. Za ta shafa shi a gilashi, ta gwada yawan bakteriyar da ke kama shi da na gilashin da ba a shafa ba. Ranar Asabar za ta je wurin masu soya fara a kasuwa ta roƙi fukafukai da ƙafafun da suke zubarwa.